Dorina da Man Gyaɗan Inna

Zuwa ga mahaifina, Malam Umaru Direba,

Assalamu alaika, Baba. Gaisuwa da girmamawa daga ɗiyarka Hadiza, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan lafiya lau muke, ni a Wurno ina nan da aikin koyarwa, Yaya Bello a gida Rimawa da nomansa, Inna ma lafiya sai ciwon gwiwa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, na kuma san wasu za su karanta ta. Su karanta. Ni dai da kai nake, domin tambayoyin da ke cina kai kaɗai ke da amsarsu.

A kan motarka ce, Dorina.

Tana nan inda ka bar ta, gindin darbejiyar bayan ɗakin Inna, a kan duwatsun nan huɗu da ka ɗora ta. Jan fentinta ya koma kalar ƙasa. Tayoyin sun farfashe, kujerar baya kaji sun gaje ta, a kan rufin kuma ake shanya tafarnuwa. Idan ka leƙa wajen ƙafar direba, ƙasa za ka gani ta cikin ramin da tsatsa ta ci. Gaskiya, Baba, ba ta da kyan gani.

Tun ina ƙarama nake mamakin yadda aka yi mota irin wannan ta zo Rimawa. Na san labarin da kake ba mu, cewa lokacin da ake gina dam ɗin Goronyo kai ke tuƙa wani Baturen injiniya, da aiki ya ƙare zai koma ƙasarsu ya bar maka ita. Amma shi me ya sa ya jawo ta tun daga Amurka zuwa hanyar da ko jaki sai ya zaɓi wurin taka ƙafa? Ƙofa biyu kacal, gaba dogo, silinda takwas, ga shan mai ba kunya. Ba ta ɗaukar kaya ba ce, ba ta iyali ba ce, don gudu da ƙara kawai aka ƙera ta. Kai kuma ka mayar da ita motar dukan gari.

Ina tuna ƙararta. Tun kana kwanar shigowa gari tasoshin Inna ke amsawa a kan kantar ɗakinta, mutane su ce ga Dorina nan ta fito daga ruwa. A cikinta aka kai masu naƙuda asibiti, a cikinta aka kai amare Tursa da Kwargaba, ta ɗauki gawa, ta ɗauki buhunan tafarnuwa har sai bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Ba ka taɓa ce wa kowa a'a ba, kuma na yi alfahari da hakan iyakar rayuwata.

Ina kuma tuna ranar da ta mutu. Giyarta ce ta karye a hanyar Wurno, shanun huɗa biyu suka jawo ta gida, kai kana ciki riƙe da sitiyari, fuskar nan a murtuke kamar ba ka ganin masu dariya. Ka nemi ƙarfen a Sakkwato, ka aika Kano, ba a samu ba. Daga nan ne ka cire fulogi takwas ɗin, ka toshe ramukan da totuwar masara. Kowace Juma'a da hantsi, kafin ka yi wankan masallaci, sai ka ɗiga baƙin mai a kowane rami, ka sa sifana da dogon bututu ka juya injin da hannu. Na taɓa tambayarka amfanin hakan, ka ce, “In anka bar injin tsaye, sandarewa shikai. A riƙa motsa shi hal ƙarhen shi samu.”

Ƙarfen bai samu ba, Baba, har ka rasu. Yau shekara goma sha ɗaya.

Da aka zo rabon gado ba wanda ya ce yana son ta, aka bar ta nan. Bana Yaya Bello ya shuka albasa da yawa a fadama, yana neman wurin kafa rumfar ajiya, kuma babu fili a gidan sai inda take. Ya kira ni ya ce, “Hadiza, wagga ba mota ba ta, akurki na. Masu gwangwan na zuwa ran kasuwa su yanka ta, mu samu wurin aza albasa.” Ban ga laifinsa ba. Shi ke riƙe da gidan, kuma albasa ba ta jiran kowa. Na dai roƙe shi mako guda in kawo wanda ya san mota ya duba, idan ya ce ta mutu, a yanka.

Kafin nan na sa hotonta a shafina na tambayi mutane. Wasu suka ce irinta ta yi wuya yanzu, a gyara ta tsaf yadda ta fito daga kamfani. Wasu suka ce in rufa wa kaina asiri. Wani ya tambaye ni ko kajin ma na sayarwa ne. Ni kaina ban san abin da nake so ba. So nake dai in sani, me ke sa a ce tsohuwar mota ta cancanci gyara, me ke sa a ce ta gama?

An nuna mini wani tsohon bakanike a Rabah, Malam Sahabi, wanda ya yi aikin manyan injuna tun zamaninku. Ya ce ya san ka, har ya taɓa tura Dorina a bakin kasuwa. Da ya zo, abin da ya ba ni mamaki shi ne ko kallon fentin bai yi ba. Ramin wajen ƙafar direba, da nake ganin shi ne babbar matsala, ya leƙa sau ɗaya ya ce wannan aikin mai walda ne na yini biyu. Sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashinta da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasa manyan ƙarafan da jikin motar ke zaune a kai, yana saurare. Ya ce ƙarfe mai rai amo yake yi, ruɓaɓɓe kuwa shiru yake amsawa. Na durƙusa na saurara ni ma. Suna amo, Baba. Duwatsun nan naka ne suka raba ta da laimar ƙasa.

Giya ma bai ɗauke ta da zafi ba. Ya ce irin tata ba za a samu ba, amma akwai ta wata tsohuwar akori-kura da za a iya yi wa dabara ta shiga. Sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, “Malama, kar in ɓata maki lokaci. Magana dut ga injin take. Injin da yay yi shekara sha ɗaya ba a taɓa ba ya sandare, ba sai na duba ba. In ya sandare, ki bar ma masu gwangwan.”

Na fid da rai, domin na san tun da ka rasu ba mai taɓa shi. Yaya Bello ya gyaɗa kai, shi an zo inda yake so.

Malam Sahabi ya ɗaga bonet don ya cika ƙa'ida. Na lura ba ta yi masa gardama ba, ko ƙara ba ta yi ba. Ya tsaya yana kallo. Ya zare totuwa ɗaya, ya jujjuya ta, ya kai hanci. Ya ce, “Totuwag ga ta bana ta. Kuma ƙamshin ƙuli-ƙuli nika ji.” Ya ɗauko sifanarsa ya sa, ya danna da hannu ɗaya. Baba, injin ya juya. A hankali, da nauyi, yana huci ta ramukan fulogi, amma ya juya zagaye guda cif.

Ya dube ni, ya dubi Yaya Bello, ya ce, “Wa ka taɓa injin ga?”

Daga bayan zana muka ji muryar Inna. “Ni ta. Mi niy yi? Baƙin mai nasa ya ƙare tun shekarad da yar rasu, ni ko ba ni aiken kowa shi sawo a yi mani dariya. Man gyaɗa ai mai na.”

Malam Sahabi ya yi dariya har ya zauna a kan buhu. Ya ce man gyaɗa danƙo yake yi a cikin injin, da a ce ta zuba ta bari, da ya kama shi ƙam, ya fi tsatsa illa. Abin da ya cece shi shi ne ba ta taɓa bari ya wuce mako ba a juya shi ba. Ya ce sai an kwance shi gaba ɗaya an wanke, amma injin yana da rai.

Ni ban yi dariya ba. Lissafin Juma'o'in nake yi a zuci. Ashe duk hantsin Juma'a, Yaya Bello yana fadama, matan gida suna zaton ƙwai ta je kwasowa, ita tana can da bututunka, da gwiwar nan tata, tana rataya a jikinsa har injin ya zagaya. Ni ina zuwa gida Asabar, shi ya sa ban taɓa gani ba. Kunya ta kama ni, Baba, shekara goma sha ɗaya ina tsammanin na san uwata.

Da baƙon ya tafi na same ta a ɗaki tana tsinke zogale. Na tambaye ta dalili. Da farko ta ce sabo ne kawai. Na ƙi tashi. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Kowa ya shiga motag ga tana tahiya, ban da ni. Masu naƙuda, amare, gawa, hab buhun tahwarnuwa. Ni kullum sai, bari a ɗebe albasa in kai ki ki ga ruwan dam. Albasa tara anka ɗebe tana tahiya.” Ta ƙara da cewa, “Ni ban ce a gyara ba. Na dai ƙi bari ta sandare.”

Sai na tuna sau biyu na ce ta shiga ƙaramar motata mu je kan dam ta sha iska, tana ce mini wata rana. Na ɗauka gwiwa ce.

To ga tambayata, Baba, kuma da ladabi nake yin ta. Me ya hana ka? Daga gida zuwa dam ba tafiyar da za ta hana ka sallar la'asar ba ce. Ka kai matan gari duka inda suke so, taka ɗaya ka bar ta sai an ɗebe albasa. Ko gani kake ita tana nan kullum, ba ta gaggawa? Ko kuma juyin nan na kowace Juma'a, da na ɗauka don mota kake yi, alkawarin ne ke damunka? Na ji haushinka ranar nan, ba zan ɓoye maka ba. Da na kwana na tashi kuma sai tausayinku ya kama ni ku biyun.

Yaya Bello yana tsaye a ƙofa ya ji abin da Inna ta faɗa. Da yamma na gan shi yana auna fili a bayan katanga, can zai kafa rumfar albasar, ko da yake rana ta fi dukan wurin. Ya aika wa masu gwangwan kada su zo.

Mun yanke shawara za a gyara ta, amma masu son a mayar da ita sabuwa fil su yi haƙuri. Giyar akori-kura za ta shiga, mai walda zai toshe ramin, fenti kuwa sai abin da hali ya yi. Birki, tayoyi, da kujerar gaba mai laushi, su na fi damuwa da su. Malam Sahabi bai yi mini alkawarin za ta je Sakkwato ba, bai ma rantse za ta tashi ba. Na ce masa Sakkwato ba ta cikin lissafi, daga Rimawa zuwa kan dam da dawowa kawai nake nema. Ni zan tuƙa, ɗiyar da ba ka koya wa tuƙi ba.

Jiya Malam Sahabi da yaransa suka zo suka ciro injin za a kai Rabah. Malam Sahabi yana cewa sai an nemo sababbin fulogi, Inna ta shiga ɗaki ta buɗe kwallarta ta ƙasa, ta fito da tsohuwar hularka a ƙulle. Takwas ɗin suna ciki, a goge. Ta miƙa masa, ta tsaya tana kallo har motar da ta ɗauki injin ta sha kwana. Sannan ta dubi bututunka a jingine da darbejiya, ta ce mini, “Hadiza, to ran Juma'a mi za ni yi?”

Na ce ta ɗinka sabon mayafi, tafiya gare ta.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka abin da ka jinkirta, Ya saka maka da duk wanda ka ɗauka ba ka karɓi komai ba. Allah Ya ba Inna lafiya da tsawon rai, Ya sa Dorina ta tashi tun tana da ƙarfin hawa. Amin.

Ɗiyarka mai kewarka,
Hadiza