Murhun Ƙarfe

Ƙanwata Kerttu,

Gaisuwa mai yawa daga nan garin Ljungby. Yaya gwiwar taki, yaya mutanenmu na can gida Pudasjärvi? Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban daɗe a makaranta ba.

Bana shekara ashirin ke nan da guguwar da ta kwantar da dajin nan, muka yi kwana goma sha bakwai babu lantarki. Murhun ƙarfen nan na ɗumama gida ne ya riƙe mu cikin tsananin sanyin, ni da matata marigayiya Aino da 'yarmu Sirpa.

Lafiyata lau, kada ki damu. Sai dai Lennart, mijin Sirpa, ya sa an haƙa rami mai zurfi cikin dutse a bayan gida, an zura bututu. Wai na'ura ce ke jawo ɗumin ƙasa ta raba wa ɗakuna. Ɗumi kam akwai, ba zan yi ƙarya ba. Amma ai da lantarki take aiki! Na ce, "In an ɗauke fa?" Ya yi dariya, ya ce, "Baba, kai dai da guguwarka!" Ga kuma jaririyar Sirpa a gidan, watanta uku.

Yanzu Lennart ya ce murhun ba shi da sauran amfani, gobe masu cire shi za su zo. Abinci ba ya shiga sosai kwanan nan, amma ba komai.

Ki aiko min da safar ulu da baƙin burodinmu. Allah ya ƙara miki lafiya.

Da sassafe zan cika murhun da itace, in hura har ƙarfen ya yi ja. In ga mai hannun ɗauka.

Yayanki,
Veikko