Rubu'in da Ya Shige Ƙarfe

Litinin, 3 ga Maris
Saura kwana goma sha biyu jarrabawar shiga kwalejin fasaha. Baba ya gama magana: in na sake faɗuwa bana, gareji har tsufa. Ni da na koya wa kaina fiziks daga tsohon littafi marar bango, in ƙare a bugun jikin mota? To, mu gani.

Laraba, 5 ga Maris
Tambaya ta bakwai. Mota mai kilo dubu uku tana gudun mita goma a daƙiƙa, ta daki mai kilo dubu ɗaya da ke tsaye, suka manne suka tafi tare. Nawa ne gudunsu? Na daidaita makamashin motsi na kafin karo da na bayansa, ½Mu² = ½(M+m)v², na soke rabi da rabi, tsaf. Ya ba ni 8.66. Bayan littafi ya ce 7.5.

Sau huɗu na sake. Littafin ne ya yi kuskure. Masu buga littafi ma mutane ne, wasunsu kuma jakuna.

Alhamis, 6 ga Maris
Auta ta kawo mini shayi, ta leƙa takardata. Don tana ajin ƙarshe a sakandare sai ta ce, "Yaya, sokewar ta yi kyau, layin farko ne bai zauna ba." Na ce mai haddace allon malami kamar aku ba za ta koya mini lissafi ba. Ta ajiye kofin ta fita. Mama ta ce bakin nan nawa zai kayar da ni kafin jarrabawa ta kayar da ni.

Ban ma bari ta faɗi dalilinta ba. Oho.

Juma'a, 7 ga Maris
Na buɗe littafin. Na rufe. Na zaga tsakar gida. 8.66 dai.

Asabar, 8 ga Maris
An jawo mana wata mota gareji, gabanta ya shige ciki. Tun safe nake jan ƙarfen da sarƙa, ina duka ina mita. Maigidana, mai garejin, ya ce da wa nake faɗa. Na ba shi labarin tambayar, na ce ai ƙarfi ba ya ɓacewa, don haka littafin ƙarya yake.

Ya yi dariya har da tari. "Malam Boko, wa ya lanƙwasa wannan ƙarfen, aljani? Awa uku kana zuba ƙarfinka ka miƙar da shi. Wanda ya lotsa shi fa, daga ina ya zo? Da mota na karo ta wuce da ƙarfinta cif, da ni da kai yunwa ta kashe mu."

Mutumin da da ƙyar yake rubuta sunansa. Ni kuwa shekara huɗu ina ci daga lotsewa, amma a takarda na mayar da motoci ƙwallon roba.

Lahadi, 9 ga Maris
Nauyi sau gudu ne ba ya canzawa: Mu = (M+m)v. 7.5, layi biyu kawai. Na zauna na cire makamashin bayan karo daga na kafinsa, na fitar da ½Mu² waje, abin da ya rage m/(M+m). Rubu'i ke nan. Rubu'in ƙarfin ya shige ƙarfe.

Auta ba ta yi mini magana ba yau ma.

Laraba, 12 ga Maris
Tambaya ta goma sha biyu: ƙwallaye ne, ba sa mannewa, sai an haɗa lissafin biyu, na makamashi da na nauyi sau gudu. Shafi uku na ɓata, kullum sai v² ya tsaya mini a wuya. Saura kwana uku. Na tura takardar gefen tabarmar Auta kamar na manta ta a wurin.

"Aku bai iya fiziks ba," in ji ta.

Na ce to a ba aku haƙuri. Ta raba u² − v² gida biyu, ta soke ɗaya, komai ya warware. Ni ma da na gano shi, lokaci ne babu.

Asabar, 15 ga Maris
An yi. Tambayar karo ta fito. Hannuna har ya tafi sokewa, na janye shi, na fara duba ko sun manne.

Da na dawo na miƙa wa Auta takardar tambayoyin, amsoshina a gefe da fensir. Ta samo inda na yar da alamar ragi a ta huɗu, sauran ta ce sun yi. Minti ashirin ina tsaye a kanta tana bayani, ban katse ta ko sau ɗaya ba. Ba wani abu ba ne, gajiyar jarrabawa ce kawai.