Karen da Baho Zai Ɗauka

Ning,

Na wuce kasuwa da kifi. Ɗan kwikwiyon da yayanki Ambo ya kawo jiya na mayar masa. Na ga uwar kwikwiyon, girmanta ya kai na ɗan maraƙi. Ambo wai "Haba suruki, irinsu ba sa cizon yara!" Na ce cizo na tambaye ka? In ambaliya ta dawo, Isko na kafaɗata, jaririya na hannunki, wa zai ɗauki ƙato? Haka muka bar karenmu Tagpi a ambaliyar bara, har yau kukansa na cikin kunnena.

Na karɓo 'yar gajerar kwikwiyar nan ta maƙwabta, ko ta girma baho zai ɗauke ta. Isko zai yi kuka, ki bar shi. Gara hakan da ya sake tambayata ina karensa. Na gaji.

Dado