Tankin da Kuka Kafa Mana a Panshekara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tallafa wa Unguwannin da Aka Bari a Baya,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan sanyin ofis bai yi muku yawa ba. Ni ne Malam Ɗanladi, tsohon ma'aikacin kamfanin fata a Challawa, mazaunin Panshekara. Ban yi boko ba. Hannun limaminmu ne, amma bakin nawa ne.

Na farko, godiya. Kun ɗebi ruwan rijiyata a kwalba, kuka dawo kuka sanar da mu dattin kamfanonin fata ya shige ta. Madalla da ilimi! Mu da guga ke fito mana da ruwa kalar shayi, ina za mu sani? Kuka sa aka toshe bakinta da siminti, wai don lafiyarmu.

Na biyu, tankin. Tubarkalla, dogo ne, daga titi ma ana karanta sunan kwamitinku. Ranar buɗewa motar ruwa ta cika shi, kuka murɗa famfo, aka tafa. Burtsatsen da zai riƙa cika shi kuwa, an ce yana zango na biyu. Yanzu tantabaru ne a kansa. Su kam an tallafa musu.

Na uku, kada a ce ban tuna ba. A idona aka share gonakin Challawa, aka ce arziki ya zo. Na san lokacin da jiniyar kamfanonin Bompai da Sharada ke tashin gari, 'yan Jigawa da Nijar sun cika ɗakunan haya. Wuta ta gagara, wasu kamfanonin suka koma sito, wasu suka bi hanyar Legas. Aiki ya yi kudu, dauɗa ta zauna da mu. An ce a Abuja har furannin tsakiyar titi ana ba su ruwa. Don Allah a rubuta mu cikin furanni.

Matata Hajara ƙafa ta kwantar da ita. Ni ne, da furfurata, nake bin gidajen mutane da bokiti, har an fara rufe ƙofa in an hango ni.

Roƙona: a haƙa burtsatsen. In ya gagara, Juma'a mai zuwa bayan an sauko zan fasa simintin nan, na riga na ari guduma. Ina gayyatar ku. Moɗar farko taku ce, babba ake fara miƙa wa.

Allah Ya ƙara girma, Ya shayar da ku kamar yadda kuka shayar da mu.

Wassalam.

Malam Ɗanladi,
Panshekara.