Cigiyar Innata a Gidan Radiyo

Zuwa ga Innata Hanatu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Ni ce Ladi, autarki. Daga Tasawa nake rubutu, da wayar Yaya Iliya.

Inna, radiyon garinmu ta yi bikin tuna kafuwarta, an ba da tarihinta. An ambaci wanda ya kafa eriya, da daraktoci, har da mai gyaran injin wuta. Na zauna kusa da akwatin radiyo har shirin ya ƙare. Ba su faɗi sunanki ba.

Ke kika riƙa karanta cigiyar dabbobi tun gidan radiyon yana ɗaki guda. Ina tuna makiyayan Kona da na Mayahi zaune a ƙofar gidanmu ranar kasuwa. Ba kya karɓar cigiya sai an faɗa miki tsagar kunne. Kina cewa, "Malam, jar akuya ta cika Tasawa, faɗa mini kunnenta."

Na je roƙon kaset ɗinki ko guda. Wani ma'aikaci ya ce a lokacin kaset wuya yake, sai a ɗauki sabon shiri a kan tsoho. Wasan ƙwallo aka ɗauka a kan muryarki. Ban yi kuka a gabansa ba.

Kin san ni. A lakwal, cikin aji, ko mushe malaminmu ya kira sunana ƙasa nake kallo. A majami'a ban taɓa karanta aya ba. Kawu Bitrus ya ce in bari, wai cigiya ba abin sawa a tarihi ba ce, kuma kada in jawo mana magana. Amma ban bari ba.

Ran Juma'a, lokacin gaishe-gaishe, na buga waya. Mai shirin ya tambayi wanda nake gaisarwa, na ce cigiya na kawo. Sai na ce ana cigiyar Hanatu, doguwa, baƙa, mai wushirya, mai tsaga biyu a kunci. Ta ɓace daga tarihin gidan nan. Wanda ya samu dabbarsa ta bakinta ya kira ya shaida.

Mai shirin sai kawai ya sa kiɗa.

Inna, ban ji kunya ba. Kowace Juma'a zan kira, har su faɗi sunanki da bakinsu.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa, ni kuma ya riƙe mini murya.

Taki har kullum,
Ladi