Yafiyar da Na Yi wa Lauya Rufa'i Kafin In Sani

Litinin, 7 ga Maris, 1988

Yau aka binne Lauya Rufa'i a Jega. Bayan sallar gawa liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, kamar yadda aka saba. Ni Barau, wanda Allah Ya hore wa murya, na ce "mun yafe" da ƙarfin da sahu na bakwai ya waiwayo. Tarihi ya shaida.

Manoman albasa na Kashin Zama sun zo cikin akori-kura biyu. Marigayin ne ya ƙwato musu fadamarsu daga hannun wani attajiri. Ya kuma fid da 'yan Maiyama goma sha ɗaya da aka tsare ba tuhuma. Ya kuma fid da ni.

Laraba, 9 ga Maris

Addu'ar uku. Editan jaridar da nake wa rubutu na son ta'aziyya mai shafi guda. Na riga na tanadi kalmomi masu nauyin buhu.

Talata, 15 ga Maris

Murjanatu, matar marigayin, ta aiko in zo. Ta miƙo mini ambulan ta bayan labule. "Malam Barau, ya ce in an kwana bakwai in ba ka wanga."

Rubutun hannuna ne. Sharhin da na yi a 1984 kan waɗanda suka tuge turakun iyakar fadama, wanda jarida ta buga da sunan aro. Rufa'i kaɗai na ba asalin, ya duba mini ko akwai abin da za a kai ni ƙara a kansa. A samansa ga hatimin kotu da lambar shaida. Kwanan watan kuwa jajibirin ranar da aka kama ni.

Wato a shari'ar fadamar alƙali ya ƙi karɓar jarida marar mai ita, sai Rufa'i ya samo masa mai ita.

Na juya bayan takardar ina neman layi ɗaya na ban haƙuri. Fari fat.

Laraba, 16 ga Maris

Wata huɗu na yi a tsare saboda takardar nan. Kowace Juma'a Rufa'i yana zuwa da fura, ni kuma ina yi masa kirari ta tsakanin ƙarafa.

Juma'a, 18 ga Maris

Na kai wa Malam Attahiru fatawa, a madadin "wani bawan Allah". Shin yafiyar da aka furta cikin jahilci ana iya janye ta? Na kawo hujjoji uku, har da cewa cinikin da aka ɓoye aibinsa ɓatacce ne. Ya saurara har na ƙare, sannan ya tambaya ko bawan Allahn nan shi ne wanda aka jiyo muryarsa daga bakin tasha ranar jana'iza. Ya ce yafiya ba riga ba ce da za a mayar wa tela, amma zuciya tana iya biyo baki daga baya.

Ban gamsu ba. Malaman zamani.

Alhamis, 24 ga Maris

Na je Aliero sayen albasa, dalilin ke nan kawai. Wani tsoho, Gudiya, ya gane ni, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce duk Kashin Zama an san takardata ce ta sa suka ci shari'a, Lauya ya faɗa musu tun a lokacin, ya hana su gode mini. "Mu dai munka yi shiru, amma 'ya'yanmu sun san sunanka."

Ashe gari guda ya sani. Ni kaɗai, mai ilimin cikinsu, nake yawo da fura a ciki.

Da Rufa'i ya nemi izinina kafin ya miƙa takardar, da na yarda? Na fi awa ɗaya a mota ina nazari. Da ban yarda ba. Ya san haka. Wannan ya fi komai ciwo.

Asabar, 26 ga Maris

Edita ya sake aikowa. Na rubuta "Marigayi mutum ne", na tsaya.

Akwai maganar Isiyaku, mai buga mini tafireta a da. Shi na zarga da tona ni. A bakin kasuwar Jega na kira shi ɗan rahoto, mutane suka janye masa aiki, ya koma Jandutsi noma. Shekara huɗu in mun haɗu sai in duba sama.

Asabar, 2 ga Afrilu

Jandutsi. Na tarar da Isiyaku yana ɗaure dami. Na shirya jawabi mai sassa biyar, na manta huɗu. Ya bar ni tsaye cikin rana har na kai aya, sannan ya ce zai yi tunani.

Tunani! Mutum ya zo da ƙafarsa, da ransa, da bakinsa.

Na aika wa edita shafin. Ban yabi Rufa'i fiye da kima ba. Ranar Juma'a zan koma Jandutsi.