Wanda Zai Taka Totur a Bakin Kabarina

Ni Russell Dombrowski na garin Flint nake rubuta wannan da hannuna. Likita ya ce huhuna ya gama aiki, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne. 'Ya'yana Loretta da Curtis, ku karanta tare.

Na ɗaya. Gidan nan ku raba daidai, bai dame ni ba.

Na biyu. Motata Vandal ta 1970, mai silinda takwas, ta Loretta ce. A kanta ta koyi canjin giya tana shekara sha shida, kuma har yau bakinta bai taɓa kiran wancan firjin mai ƙofa huɗu, wato sabuwar motar lantarkin, Vandal ba. Kamfani ya ɗauki sunan motar da muka ƙera da guminmu ya manna wa abin da ake sa wa caji kamar waya. Samarin kulob ɗinmu na masu Vandal sun ce ai sabuwar ta fi gudu. Ban musa ba. Amma motar da ba ta shan mai, ba ta girgiza maka ƙirji, ban san uban da ya raɗa mata wannan suna ba.

Da abin ya tsaya nan, da gardama kawai zan tafi da ita kabari. Curtis, ka san abin da ka yi. Ina kwance a asibiti ka buɗe wa mutanen kamfani garejina, suka kafa na'ura a bakin salansa, suka naɗi kukan injin da na shekara talatin ina saita shi da kunne. Shi suke sakawa yanzu a lasifikar sabuwar don ta yi rurin ƙarya. Ina gidan mai wata ta wuce, na gane muryar motata nan take. Da na tambaye ka, buɗar bakinka sai, "Haba Baba, ai girmama ka aka yi." Ranar na yi kuka a bayan sitiyari, kuma ban yafe ba.

Na uku. Kun san al'adar kulob: a bi gawa a jere, a bakin kabari a taka totur sau uku. Ban hana Curtis zuwa da sabuwar da ya saya ba, dole ma na sa masa. Ya ajiye ta daf da tawa. Loretta ta taka sau uku, kada ta ji tausayin injin. Idan ƙasa ta daina rawa, Curtis ya kunna lasifikarsa ya ƙure ta. Lyle Pruitt, shugaban kulob da ya ja aka kaɗa ƙuri'ar karɓar sabuwar cikinmu, a tsayar da shi a sahun gaba ya cire hula. Kada kowa ya yi dariya, shirun ya ishe su.

Na huɗu. Idan Curtis ya yi haka, akwatin sifanuna nasa ne, kuma Loretta ta riƙa ba shi makullin motata Lahadi ɗaya a wata. Idan ya ƙi, a kai sifanun makarantar koyon kanikanci. Loretta, ko ya yi ko ya ƙi, kada ki riƙe shi a rai. Faɗan nawa ne, ba gado ba ne.

Ku ci abincin idin godiya a tebur ɗaya kowace shekara, 'ya'yanku su san juna, kada mota ta raba abin da uwarku ta haɗa. Loretta, Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a hanya. Curtis, kai ma na sa maka albarka, amma ba za ta fara aiki ba sai ka kunna.